Suna Ɗaya, Halittu Daban: Yadda Tsuntsu Da Malam-Buɗe-Littafi Ke Zama Takwarori

A ilimin halittu, kowace dabba tana da suna mai kalmomi biyu cikin sigar harshen Latin. Kalma ta farko tana nuna dangin da dabbar ta fito, ta biyu kuma tana bambanta ta da sauran 'yan danginta. Masanin ƙasar Suwidin, Carl Linnaeus, shi ne ya daidaita wannan tsari, kuma daga bugu na goma na littafinsa Systema Naturae, na shekarar 1758, ake fara lissafin sunayen dabbobi.

Ƙa'idar ba ta yarda dangi biyu na dabbobi su ɗauki sunan farko iri ɗaya ba. Kalma ta biyu kuwa ana iya maimaita ta a dangi daban-daban. Shi ya sa tsuntsu da ƙwaro ke zama takwarori ba tare da wata alaƙa ta jini ba.

Wani lokaci sunan wuri ne ke haɗa su. Kurciyar da ke kuka a gidajenmu ita ce Spilopelia senegalensis. Akwai malam-buɗe-littafi mai launin ɗorawa, Eurema senegalensis, akwai kuma farar da ke cinye gero a yankin Sahel, Oedaleus senegalensis. Ma'anar kalmar ita ce "na Senegal".

Wani lokaci kuma karramawa ce. A 1863 aka raɗa wa wani aku na Ostareliya suna Polytelis alexandrae, don girmama Gimbiya Alexandra. A 1907, bayan ta zama sarauniyar Ingila, aka sa wa malam-buɗe-littafi mafi girma a duniya, wanda ke ƙasar Papua New Guinea, suna Ornithoptera alexandrae.

Launi ma yakan haɗa su. Kalmar fusca na nufin mai duhun launi. Melanitta fusca agwagwar teku ce ta arewacin Turai da Asiya, amma Busseola fusca faɗa-wuta ce, wadda tsutsarta ke huda karan masara da dawa a Afirka.

Saboda haka jami'in gona mai rubuta rahoto, da ɗan kasuwa mai sayar da maganin ƙwari, su riƙa rubuta kalmomin biyu tare. Wanda ya rubuta fusca kaɗai bai fayyace ko agwagwa yake nufi ko maƙiyin manomi ba.