Tarihin Motar Hannu a Ƙasar Makarfi

A Makarfi da Ikara da Kudan, kamar sauran karkarar ƙasar Zazzau, da wuya a samu magidancin da motarsa ta farko sabuwa ce fil. Yawancin motocin da ke fake a ƙofar gidaje sun ratsa hannu biyu ko uku kafin su iso, wasu ma sai da suka ƙetaro teku. Don haka tarihin motar iyali a yankin tarihin cinikin motar hannu ne, kuma abubuwa uku ke juya wannan ciniki tun farkonsa: darajar naira, dokar kan iyaka, da abin da bakaniken gari ya iya gyarawa.

Jirgin ƙasa ya riga mota zama gari a wannan yanki. Layin dogo da ya ratso Zariya ya isa Kano a 1911, ya bi ta Likoro da Gimi, kuma shi ne ya daɗe yana kwasar gyaɗa da auduga. Jakuna ke kai kaya tasha, daga baya manyan motoci suka karɓi aikin. Ƙaramar mota kuwa ta Turawan mulki ce da sarakuna da manyan ma'aikatan En'e. Har bayan samun mulkin kai a 1960, abin hawan da ke nuna cewa manomi ya samu keke ne, musamman Raleigh, sannan babur ya biyo baya.

Shekarun 1970 ne suka sauya lamarin. A watan Afrilun 1972 Nijeriya ta koma tuƙi ta hannun dama, irin na maƙwabtanta rainon Faransa. A lokacin ba a ga tasirin wannan a kasuwar motar hannu ba, amma shi ne ya sa daga baya motocin ƙasashen Turai irin su Jamus da Beljiyam suka dace da titunan ƙasar ba tare da an sauya musu sitiyari ba. Naira ta maye gurbin fam a 1973, kuɗin fetur suka shigo, rahoton Udoji na 1974 ya kawo ƙarin albashi har da ariyas. A 1975 kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa mota a Kakuri ta Kaduna, Volkswagen kuma a Legas. Gwamnati tana ba ma'aikatanta bashin mota ana cira a albashi, ta yadda malamin sakandare ko jami'in gona kan iya fitar da sabuwar Beetle ko 504.

Waɗannan motoci ne suka zama tushen kasuwar hannu ta farko. Ma'aikaci a Zariya ko Kaduna ya hau motarsa wasu shekaru, ya sayar wa ɗan kasuwar hatsi ko mai fataucin rake, shi kuma ya sake fitar da wata. Ofisoshin gwamnati ma sukan yi gwanjon tsofaffin motocinsu. A karkara wadda ta fi karɓuwa ita ce akori-kura, domin tana ɗaukar buhuna da mazarƙwaila ranar kasuwa, ta kuma ɗauki iyali zuwa biki ko asibiti. Fijo, wato Peugeot, ta dace da hanyoyin wancan zamani: cikinta a ɗage yake, injinta ba wuyar sha'ani, kayan gyaranta kuma ga su a Kaduna. Yawancin tsofaffin kanikawan yankin a kanta suka koyi aiki.

Wannan zamani bai daɗe ba. Farashin fetur ya faɗi a kasuwar duniya, gwamnatin Shagari ta kawo dokar tsuke bakin aljihu a 1982, sannan gwamnatin Babangida ta kawo shirin SAP a 1986 tare da karya darajar naira. Nairar da ta fi dala ƙarfi a farkon shekarun 1980 ta koma sai an tara kusan huɗu kafin a samu dala guda, kuma daga nan ba ta sake komawa ba. Kamfanonin harhaɗa mota daga waje suke sayo yawancin kayansu, don haka farashin sabuwar mota ya yi wa albashi nisa. Ma'aikacin da a da yake sayar da tsohuwa don ya sayi sabuwa sai ya riƙe tasa yana lallaɓawa.

Giɓin da aka samu motocin Turai ne suka cike shi. A birnin Brussels akwai wata unguwa, kewayen titin Heyvaert, da ta zama matattarar tsofaffin motoci daga Jamus da Faransa da Holan da sauransu. Daga nan ake kai su tashar jiragen ruwa ta Antwerp, a loda su zuwa Afirka ta Yamma. Wannan ne ya sa har yau ake kiran irin waɗannan motoci 'yan Beljiyam ko da ba can aka ƙera su ba. Mafi yawansu a Kwatano ake sauke su, ba Legas ba, domin harajin Jamhuriyar Benin ya fi sauƙi, fitar da kaya kuma ya fi sauri. 'Yan kasuwar Labanan ne suka fi riƙe da shigo da su, Hausawan Nijar da Nijeriya kuma suka shiga a matsayin masu saro, dillalai da direbobi.

A takarda, da yawa daga cikin motocin nan Nijar za su. Direbobi kan jero su daga Kwatano su bi ta Parakou zuwa Malanville, su haye kogin Kwara su shiga Gaya, su wuce Dosso zuwa Birnin Ƙonni ko Maraɗi. Daga can sai su gangaro Nijeriya ta Illela ko Jibiya ko Maigatari, wasu ta ƙofa a biya kuɗin fito, wasu ta ɓarauniyar hanya da dare. Kano da Katsina da Kaduna ne manyan masaukansu. Mutumin Makarfi, da yake garinsa na tsakanin Zariya da Kano, bai taɓa buƙatar babbar kasuwar mota a gida ba. Ya fito Tashar Yari ya hau babban titi, kudu ko arewa, ya samu abin da yake nema. Wanda ya fi ƙarfi kuwa sai ya ba amintaccen mai zuwa Kwatano saƙo ya saro masa.

Gwamnatoci sun yi ta ƙoƙarin taka wa cinikin birki. A zamanin Obasanjo an hana shigo da motar da ta haura shekara biyar da ƙerawa, aka sassauta zuwa takwas, daga baya goma, har aka kai 15 a 2010. Tsarin bunƙasa ƙera motoci na 2013 ya ɗaga haraji sosai, sannan daga ranar 1 ga Janairun 2017 aka hana shigo da mota ta iyakokin tudu baki ɗaya. An rufe iyakokin a watan Agustan 2019, ba a fara buɗe su ba sai Disamban 2020. Ɗaya daga cikin manufofin waɗannan dokoki ita ce a farfaɗo da masana'antun cikin gida, amma a wurin mai ƙaramin ƙarfi abin da suka haifar shi ne tsada da rikicin takardu. Motar da ba ta da sahihiyar takardar kwastan tana da araha, sai dai ana iya tare ta a hanyar Kano a ƙwace, shekaru bayan an saye ta, a hannun wanda bai san yadda ta shigo ba.

Yadda ake sayen motar a yankin yana bin lokacin shigowar kuɗi. Makarfi ta yi suna da rake, Ikara da tumatir, Kudan da Hunkuyi da rake da kayan lambu na rani, ga masara da barkono ko'ina. Manomi kan sayi mota ne bayan ya kaɗar da gonar rake ko ya fitar da hatsin da ya ajiye, ko ya sayar da shanun da ya kiwata. Ma'aikaci kuma, irin malamin makaranta ko na kwalejin kiwon lafiya ta Shehu Idris, adashi ko bashin ƙungiya ko kuɗin sallama yake dogara da su. Kusan duk ciniki kuɗi hannu ake yinsa. Dillali ne ke haɗa mai saye da mai sayarwa ya karɓi la'ada, a yi tayi a ce albarka har a kai ga sallamawa, a rubuta takarda gaban shaidu.

Mai hankali ba ya zuwa ba tare da bakanikensa ba, kuma a gaskiya bakaniken ne ke zaɓen motar. Shi ke tayar da ita da sanyin safiya ya saurari inji, ya dubi launin hayaƙi, ya leƙa ƙasa ya ga ko shasi ya taɓa karyewa aka yi masa walda, ya shafa jiki ya gane inda aka cike aka sake fenti. Tambayarsa ta farko ita ce ko za a samu kayanta a Sabon Garin Zariya, ko Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna. Motar da sai an aika Legas neman kayanta, komai kyanta, araharta ba ta ado. Wannan ma'auni ne ya ɗaukaka Golf, musamman doguwar, wadda ta zama motar haya da ta gida a lokaci guda. Shi ya riƙe Starlet da Carina da Corolla, ya kuma ba Peugeot 406 dogon zamani. Sharan ta samu shiga saboda yawan kujeru, abin da gida mai mata biyu da yara ke dubawa kafin komai. Daga baya motocin Amurka, irin su Camry da Accord da Vibe, suka yawaita, da yawansu waɗanda suka yi haɗari can aka gyara su a nan. Gyaran titunan karkara a zamanin gwamna Ahmed Makarfi, 1999 zuwa 2007, ya taimaka wa ƙananan motoci masu gajeren ciki shiga garuruwan da a da sai akori-kura.

Kamfanin Peugeot na Kakuri bai sake komawa matsayinsa ba. An sayar da hannun jarin gwamnati a 2006, bashi ya kai shi hannun hukumar AMCON a 2012, kuma ko sabon kamfanin Peugeot da Ɗangote da abokan haɗin gwiwarsa suka buɗe a Kaduna a 2022 motocinsa sun fi ƙarfin malamin makaranta. Faɗuwar naira a 2016, da cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, da sakin naira a kasuwa wata guda bayan haka, sun ninka farashin 'yar Kwatano har ita ma ta zama ta masu hali. Tambayar da mai saye ke fara yi yanzu ita ce yawan man da mota ke sha. Gidaje da yawa sun koma kan babur, wasu sun jingine motar sai ranar biki ko rashin lafiya. Wanda ke neman motarsa ta farko a Makarfi a yau galibi wadda wani ɗan ƙasa ya gama hawa yake saye, kamar yadda aka yi a shekarun 1970, sai dai waccan daga Kaduna ta fito tana da 'yan shekaru, wannan kuwa sau da yawa ta haura ashirin.