Yadda Kwalejojin Al'umma na Amurka Suka Shiga Harkar Horar da Malaman Firamare

Kwalejin al'umma ta Amurka makaranta ce ta shekara biyu, mai sauƙin kuɗi, wadda ɗalibi ke zuwa daga gidansu. Ta farko ita ce ta garin Joliet da ke jihar Illinois, wadda aka buɗe a 1901 da ɗalibai shida, bisa shawarar William Rainey Harper, shugaban Jami'ar Chicago, da J. Stanley Brown, shugaban sakandaren garin. Manufarsu ita ce matasa su yi shekaru biyun farko na karatun jami'a a kusa da gida.

Horar da malamai kuwa yana da gidansa daban. Tun 1839 jihar Massachusetts ta kafa makarantar horon malamai a Lexington, wasu jihohi suka bi sahu. Da tafiya ta yi nisa, makarantun nan suka rikiɗe suka zama kwalejojin shekara huɗu, daga bisani jami'o'i, digiri ya zama sharaɗin shiga aji. Nan fa ɗan talaka mai son koyarwa ya ga hanya ta yi masa tsawo da tsada. Bayan rahoton kwamitin Shugaba Truman na 1947, kwalejojin al'umma suka yawaita, musamman a shekarun 1960, sai masu shirin zama malamai suka riƙa farawa daga can kafin su ƙarasa a jami'a.

Inda gizo ke saƙar shi ne, darussan lissafi da kimiyya galibi a shekaru biyun farko ake yin su. Ke nan malaman firamare da yawa, lissafin da suka koya a kwalejin al'umma shi ne na ƙarshe a rayuwarsu, alhali an daɗe ba a lissafa kwalejin cikin masu horar da malamai. Sai a 1998 Gidauniyar Kimiyya ta Ƙasa ta kira taro a kan batun, ta fitar da rahoto mai cewa lallai a ɗauki waɗannan kwalejoji a matsayin abokan aiki.

Raunin lissafin malaman ya fito fili a 1999, lokacin da Liping Ma ta wallafa bincikenta na kwatanta malaman firamare na Amurka da na Sin. Cikin tambayoyin da aka yi wa malamai 23 na Amurka har da raba 1¾ da ½, sannan a ƙirƙiro labarin da zai fahimtar da yaro ma'anar rabon. Ɗaya tak ya kawo labarin da ya dace. Da yawa sun ɗauka rabawa biyu ake nufi, alhali tambayar ita ce: idan kana da gari kofi ɗaya da kashi uku cikin huɗu, sau nawa za ka ɗebi rabin kofi? Amsa 3½. A ganina ba laifin malaman ba ne. Haddar ƙa'ida aka ba su, ba a taɓa zaunar da su an nuna musu dalilinta ba, kuma yara ƙanana ne ke gadon wannan giɓi.

Daga nan gyara ya kankama. A 2001 ƙungiyoyin masana lissafi na ƙasar suka ba da shawarar mai shirin koyar da firamare ya yi kwasa-kwasai na musamman a kan lissafin da zai koyar, wato ƙidaya, rabe-rabe, awo da siffofi, a zurfafe. A shekarar ce jihar Maryland ta ɓullo da takardar shaidar shekara biyu ta koyarwa, wadda jami'o'in jihar ke karɓa ba tare da an sa ɗalibi maimaita darussa ba. Florida ta wuce nan, domin a 2001 ɗin ta ba Kwalejin St. Petersburg izinin bayar da cikakken digiri, har da na koyarwa, saboda ƙarancin malamai a jihar.