Makaɗi da Ubangidansa: Nazarin Rayuwar Makaɗan Kilasik, Kantiri da Rok

Manufar wannan nazari ita ce duba rayuwar wasu fitattun makaɗan Turai da Amurka ta fuskar tambayoyi biyu: wa ke ciyar da makaɗi, kuma wa ke mallakar abin da ya ƙirƙira? Idan muka ce makaɗi, muna nufin duk wanda kiɗa ko waƙa ta zame masa sana'a, ko shi ke tsarawa ko shi ke rerawa. Ubangida shi ne mutum ko kamfanin da ke ɗaukar nauyin makaɗi, kuma yake da ta cewa a kan aikinsa. Haƙƙin mallaka kuwa shi ne ikon da doka ta ba mai aiki na samun kasonsa duk lokacin da aka buga aikin, ko aka sayar, ko aka rera shi.

Kaɗe-kaɗen da za mu duba iri uku ne. Kilasik shi ne kiɗan Turai da ake rubutawa da alamomi a takarda domin wasu su karanta su kaɗa, galibi a babbar ƙungiyar makaɗa da ake kira okestira. Kantiri waƙa ce ta mutanen karkarar kudancin ƙasar Amurka, wadda ake yi da jita da gogen Turawa, jigoginta kuwa soyayya da talauci da addini da begen gida. Rok ya ɓullo ne a shekarun 1950 daga cuɗanyar kiɗan baƙaƙen fatar Amurka da na kantiri, an kuma san shi da jita mai aiki da lantarki. Iyayen gidan waɗannan makaɗa su ma sun kasu uku: fada, da jama'a masu biyan kuɗin shiga, da kamfanin faifai.

Kashi na farko shi ne makaɗin fada, wanda mai karatu Bahaushe ba zai ji shi baƙo ba idan ya tuna zaman Narambaɗa a fadar Sarkin Gobir na Isa. Babban misalinsa a Turai shi ne Joseph Haydn, wanda ya kama aiki a gidan sarautar Esterházy a 1761. Takardar yarjejeniyarsa ta wajabta masa sa tufafin barorin gidan, da zuwa zauren jira kullum kafin tsakar rana da bayanta don ya ji ko Yarima na buƙatar kiɗa. Ta kuma hana shi bai wa kowa abin da ya tsara ba da izini ba. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Sai dai wannan ƙaidi ya zo da moriya: kusan shekara 30 Haydn yana da albashi da okestira a hannunsa, yana gwaji yana gyarawa, har ya zama gwanin simfoni, wato dogon kiɗan okestira mai sassa yawanci huɗu. A 1779 aka sassauta sharuɗɗan, ya fara sayar wa maɗaba'u ayyukansa, kuma tafiye-tafiyensa zuwa Landan a 1791 da 1794 suka azurta shi.

Kashi na biyu shi ne makaɗin da ya dogara ga jama'a. Mozart ya rabu da ubangidansa, babban limamin cocin Salzburg, a 1781, ya zauna a birnin Biyana yana ci da koyarwa da wasanni da abin da masu hali suka yi odarsa. Ya sami 'yanci, amma samunsa ya zama yau akwai gobe babu, ya kuma rasu a 1791 yana da shekara 35 da bashi a kansa. Beethoven ya bi tsaka-tsaki: a 1809 wasu manyan masu sarauta uku suka yi masa alkawarin kuɗin shekara-shekara, a kan sharaɗin kada ya bar Biyana. A nan muna ganin sauyin matsayi, domin masu sarauta ne suka koma neman makaɗi ya zauna, ba tare da sun ƙayyade masa abin da zai tsara ba.

Kashi na uku ya zo ne da faifan garmaho da rediyo. A 1927 wakilin kamfanin Victor, Ralph Peer, ya kafa na'urar ɗaukar murya a garin Bristol na jihar Tenesi, inda ya ɗauki Jimmie Rodgers da Iyalan Carter. Peer ya gane da wuri cewa dukiyar tana cikin haƙƙin mallakar waƙoƙin, don haka nan ya sa ƙarfinsa. Shi kuwa mawaƙi, rabonsa yawon wasa gari-gari. Rodgers, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa mai fama da tarin fuka, ya yi ɗaukarsa ta ƙarshe a Mayun 1933 yana kishingiɗa a kan ɗan gado tsakanin waƙa da waƙa don ya huta, ya kuma cika bayan kwana biyu. Hank Williams, wanda shirin rediyon Grand Ole Opry ya sallama a 1952 saboda shaye-shaye, ya rasu a kujerar bayan motarsa ranar 1 ga Janairun 1953 a hanyar zuwa wasa, yana da shekara 29.

A fagen rok wannan tsari ya ƙara girma, kuɗin ya ninka, haka ma masu cin rabo. Waƙar Chuck Berry ta farko da ta yi fice a 1955 ta fito da sunayen wasu mutum biyu a matsayin abokan rubutawa, alhali ba su rubuta ta ba. A wannan shekarar kamfanin RCA ya sayi yarjejeniyar Elvis Presley daga kamfanin Sun a kan dala 35,000, daga baya kuma manajansa, Kanar Tom Parker, ya kai ga karɓar rabin wasu kuɗaɗen da yake samu. Ƙungiyar Beatles ta Liverpool ta daina yawon wasa a 1966 ta duƙufa a ɗakin ɗaukar murya, amma a 1969 ikon kamfanin da ke riƙe da yawancin waƙoƙin 'yan ƙungiyar, Lennon da McCartney, ya suɓuce musu. A 1985 Michael Jackson ya sayi kamfanin da waƙoƙin suka koma hannunsa.

Dolly Parton ta cancanci a dube ta daban. An haife ta a 1946 a tsaunukan Tenesi, ta huɗu cikin 'ya'ya 12 na gidan talakawa. Lokacin da Elvis ya so rera waƙarta "I Will Always Love You", Parker ya nemi rabin haƙƙin mallakarta, ita kuwa ta ƙi, duk da irin ɗaukakar da ke tattare da tayin. Da Whitney Houston ta rera waƙar a 1992 ta game duniya, kason marubuciya ya dawo hannun Parton. Shirin raba wa yara littattafai kyauta da ta kafa a 1995 ya nuna abin da makaɗi kan iya yi idan wadata ta zauna a hannunsa.

Abin da muka fahimta shi ne, baiwa ce ke haifar da waƙa, amma yarjejeniya ce ke tsara rayuwar mai ita. Fada ta ba da kwanciyar hankali ta riƙe 'yanci, jama'a sun ba da 'yanci ba tabbas, kamfani kuma ya ba da suna ya riƙe mallaka. Don haka duk mai son rubuta tarihin makaɗi, ya wajaba ya karanta takardun da makaɗin ya sa wa hannu da irin natsuwar da yake sauraron kiɗansa.