Yadda Aka Toshe Almakashin HIV Daga Kwamfuta

Tarihinmu na wannan mako zai mayar da mu 1989, lokacin da ƙanjamau ke kisa ba ƙaƙƙautawa, ƙwayar HIV kuma tana bijire wa maganin AZT cikin watanni. A shekarar ne masu bincike a Amurka suka gano siffar furotiyes, wato almakashin da ƙwayar ke yanka sassan jikinta da shi. In ya tsaya, sababbin ƙwayoyin da ta haifa ba sa iya harbin kowa.

Sai aka ɗora siffar a kwamfuta, ana jujjuya ta, ana gwada zanen maganin da zai toshe bakin almakashin tun kafin a haɗa shi. Wannan aiki ya taimaka aka samu ritonavir da indinavir a Maris 1996. Da aka gama su da tsofaffin magunguna, mace-macen ƙanjamau a Amurka suka ragu da kusan rabi a 1997.

Amma ƙwayar ta riƙa sauya kamanni. Shi ya sa aka tsara darunavir, wanda ya fito a 2006, don ya cafki ƙashin bayan almakashin, inda sauyi ke yi mata wuya. Sai mun ji ra'ayoyinku.