Stanley Matthews da Matsayin Ɗan Ƙwallo a Ingila Bayan Yaƙi

Manufar wannan takarda ita ce nuna cewa bayan Yaƙin Duniya na Biyu ɗan ƙwallon Ingila ma'aikaci ne mai ƙayyadadden lada, kome shahararsa. Stanley Matthews ya ishe mu misali. Ya bar Stoke City ya koma Blackpool a 1947, ya ci Kofin FA a 1953, shekarar da Kano ta fara kawo Kofin Gwamna Arewa. Duk da haka ƙa'ida ta hana kulob ya biya shi fiye da fam 12 a mako a 1947, ko fam 20 a 1958. Ba gwanintarsa ta rushe ƙa'idar ba, sai barazanar yajin aiki da ƙungiyar 'yan wasa ta yi a 1961.