Bulog da Wiki

Bulog da wiki nau'o'i biyu ne na shafukan yanar gizo da ke bai wa mutum damar wallafa rubutu ko da bai iya haɗa manhaja ba. Babban bambancinsu shi ne ikon mallakar rubutu: bulog na mai shi ne, wiki kuwa na duk masu gyara shi ne.

Tarihi

Ward Cunningham, wani masanin kwamfuta ɗan Amurka, shi ne ya buɗe wiki na farko mai suna WikiWikiWeb a shekarar 1995. Ya aro sunan daga harshen Hawai, inda "wiki" ke nufin sauri. Wikipedia, wadda Jimmy Wales da Larry Sanger suka kafa ranar 15 ga Janairu, 2001, ita ce wiki mafi shahara.

Jorn Barger ne ya ƙirƙiro kalmar "weblog" a 1997, sannan Peter Merholz ya gajarta ta zuwa "blog" a 1999. A shekarar ce aka buɗe Blogger, WordPress kuma ya biyo baya a 2003.

Bambanci

A bulog, ana jera rubutu bisa kwanan wata, sabo a sama, tsoho a ƙasa. Mai karatu na iya yin tsokaci, amma ba zai taɓa ainihin rubutun ba. Shi ya sa bulog ya dace da ra'ayi da labarin yau da kullum.

A wiki, ana tsara shafuka bisa maudu'i, kuma mutane da yawa na gyara shafi ɗaya. Kowane gyara na shiga tarihin shafin, don haka ana iya maido da tsohon rubutu idan an yi ɓarna.

Sahihanci

Kuskure a bulog yakan zauna har sai mai shi ya gyara. A wiki kowa na iya gyarawa, amma sai idan an lura. A 2005, wata ƙarya da aka saka a Wikipedia ta Turanci kan ɗan jaridar Amurka John Seigenthaler ta shafe kusan wata huɗu kafin a cire ta. Bayan haka aka hana marasa rajista ƙirƙirar sababbin maƙaloli a can. Saboda haka ake shawartar ɗalibai su bincika asalin bayani kafin su dogara da kowanne daga cikinsu.