Ƙoƙon kan barewa a bango: yadda ake haɗa shi da abin da doka ta ce

Mafarautan Turai da Amurka sukan ajiye ƙoƙon kan dabbar da suka harbo domin tunawa. Feɗe kan ake yi, a dafa shi har nama ya saki, a wanke ƙashin ya yi fari, sannan a kafa shi jikin allo. Ƙahon barewa da na gwanki kube ne bisa ƙashi. Zafi kan sassauta shi, sai a zare a tsabtace, a mayar.

Mai sha'awar ƙawata falonsa da shi a Barnawa ya sani cewa an haramta farauta a dajin Kamuku na Birnin Gwari, gandun tarayya tun 1999. Dokar 1985, wadda aka tsananta tararta a 2016, ta hana kashewa da fataucin namun dajin da ke gab da ƙarewa.